Taya Biyu a Baya: Hunturun Farko na Wata Mota Mai Turin Baya a Winnipeg

Ɗan yayata ya sauka a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, ƙarshen watan Agusta, lokacin da garin ke kan ganiyar daɗinsa, ciyawa kore shar, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. Karatun digiri na biyu ne ya kawo shi Jami'ar Manitoba. Yaro ne da ya iya mota tun yana sakandare, domin mahaifinsa ya yi shekaru yana jigila tsakanin Zariya da Funtuwa da Fijo 504, kuma a hannunsa ya koya. Kafin Oktoba ta ƙare sai ga shi a ƙofar gidana da baƙar BMW 323i ƙirar 2009, fes da ita, inji na kaɗawa lafiya lau. Ya ce, "Kawu, ku fito ku sa albarka." Na zagaya ta, na tsuguna na duba tayoyin. Zanensu da saura, amma ban ga wata alama a gefensu ba sai haruffan M+S. Na tambaye shi ko mai motar ya haɗa masa da tayoyin hunturu. Ya ce a'a, ai an ce masa waɗannan na duk shekara ne, kuma motar ta haye binciken lafiyar da ake yi wa tsohuwar mota kafin rajista, ga ma takardar a hannu. Na ce Allah ya sanya alheri, na ƙara da cewa mu zauna mu yi maganar taya kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Ba mu zauna ba sai da ta sauka.

Na rubuta abin da ya biyo baya ne saboda duk shekara sai na ga wani namu ya maimaita shi, kuma saboda kuskure mafi girma a cikin lamarin da yardata aka yi shi.

Wanda bai san Winnipeg ba zai ɗauka tudu da gangare ne matsalar mota a hunturu. Garin shimfiɗe yake kamar tabarma, a mahaɗar kogunan Red da Assiniboine, ba wani hawa sai na gada. Matsalarsa tsananin sanyi ne da daɗewarsa. Matsakaicin yanayin Janairu wajen digiri 16 ne ƙasa da sifili, dare mai 30 ƙasa da sifili kuwa ba labari ba ne. Hunturun 2013 zuwa 2014 shi ne mafi sanyi da garin ya gani tun 1898. Dusar da ta kwanta a Nuwamba sai ta kai ƙarshen Maris ba ta narke ba. Gishirin da ake watsawa a titi yana aiki ne idan sanyin da sauƙi. Da ya tsananta sai gishiri ya kasa narkar da komai, hukuma ta koma watsa yashi. A kowace danja, motocin da ke tsayawa da masu murza taya wajen tashi suna goge dusar har ta koma kamar madubi, ga kuma raɓar hayaƙin salansa tana sauka tana daskarewa a kai. A lungunan bayan gidaje, inda yawancin mutane ke ajiye mota, tayoyi kan haƙa kwari biyu na ƙanƙara, da tudu a tsakiya. Duk da haka dokar Manitoba ba ta tilasta wa kowa sa tayar hunturu ba. Lardin Kebek ne ya yi wannan doka tun 2008, kuma yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris duk motar da ke da rajistar lardin dole ta sa, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300. A Manitoba an bar wa mutum hankalinsa, baƙo kuwa hankalinsa na ƙasar da ya baro ne.

A mako na uku na Nuwamba ya kira ni da sassafe. Motar ta kafe a lungu, taku goma daga inda ya ajiye ta. Da na isa na tarar yana ta ba ta wuta, tayar baya ta dama na juyawa fir-fir tana fesa dusa, ta hagu kuwa ko motsi ba ta yi. Ƙarƙashin mai juyawar ya riga ya zama kwano mai sheƙi, domin zafin murzawar ya narkar da dusar, sanyi ya sake daskarar da ita nan take. Dusar da ta riƙe motar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A gabanmu wata tsohuwar Corolla ta maƙwabciyarsa ta wuce salin-alin.

Abin ya ba shi haushi, kuma tambayar da ya yi tana kan hanya: me ya sa ƙaramar mota ta wuce, tasa mai ƙarfin doki 200 ta kasa? Amsar tana cikin inda nauyi yake. Corolla tayoyin gaba ne ke jan ta, kuma inji da giya suna zaune a kansu, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana danne tayoyin da ke aiki. Tasa kuwa inji na gaba, amma ƙarfin yana bin farfela ya tafi baya, tayoyin baya su tura motar. Nauyinta kusan raba-daidai ne tsakanin gaba da baya. A busasshiyar kwalta wannan ne ya sa irin motar ke da daɗin tuƙi. A kan ƙanƙara sai ya zama tayoyin da ke turawa ba su da isasshen abin da zai danne su. Ga kuma naɗin giyar da ke tsakiyar aksul, wanda aikinsa shi ne barin taya ɗaya ta fi ɗaya sauri a kwana. Idan ɗaya ta samu santsi, ita za ta yi ta juyawa, ɗayar kuma ba za ta samu ƙarfin da ya wuce ɗan abin da mai santsin ta iya riƙewa ba. Duk direban Fijo da ya taɓa kafewa a taɓon damina ya san wannan, shi ya sa ake ce wa fasinja su koma baya, ko yaran mota su hau but su yi ta dannawa.

Dabarun gida ya fara kawowa, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce a sace iskar tayoyin kamar yadda ake yi a rairayi. A rairayi ana son taya ta baje ta yi iyo a sama. A dusar cikin gari akasin haka ake nema, taya ta yanka ta kai ga abin da ke ƙasa. Sanyi ma da kansa yana sace iska, wajen awo ɗaya na ma'aunin masu faci a duk digiri 5 zuwa 6 da yanayi ya sauka, don haka tayar da aka cika a Satumba ta riga ta yi ƙasa kafin Disamba. Da muka auna nasa, kowace ta rasa awo biyar ko shida. Dabara ta biyu, wato nauyi, ita ta yi ɗan amfani. Muka sayo buhunan yashi biyu muka kwantar a but, muka tura su can ciki daidai saman aksul. Idan aka ajiye su a bakin but, bayan aksul, suna ɗaga gaba su rage wa sitiyari riƙo, kuma idan baya ya fara wutsiya nauyin ƙara masa ƙarfin lilo yake. Yashin ya rage kafewa, bai kawar da ita ba.

Ainihin ciwon a robar yake. Tayar da ake kira ta duk shekara tana fara taurara da zarar yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7. A 25 ƙasa da sifili na danna farcena a zanen tayarsa, kamar na danna a kan bokitin roba. Taya tana riƙe hanya ne idan robarta ta iya lanƙwasa ta shiga ƙananan ramukan da ido ba ya gani, kuma duk abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai fi tafin hannu ba. Haruffan M+S da ya dogara da su suna nufin laka da dusa, amma ana ba da su ne bisa siffar zane kawai, ba tare da an gwada tayar a kan dusa ba. Alamar da ke da gwaji a bayanta ita ce hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiya, wadda masu sana'ar taya a Amurka da Kanada suka fito da ita a 1999. Kafin taya ta samu wannan tambari sai ta fi tayar gwaji riƙo da aƙalla kashi 10 cikin 100 a kan dannanniyar dusa.

Daga nan ne muka yi kuskuren. Ɗalibi ne, kuɗin motar da na inshora sun riga sun kwashe abin da ya zo da shi. Ya samo wani mai sayar da tayoyin hunturu guda biyu na hannu a intanet, da araha. Ya ce, "Kawu, tunda na baya ne ke turawa, kuma su ne ke murzawa, ba sai a sa biyun a baya ba, in ya so in an samu hali a ƙaro na gaba?" Na san hukumar sufuri ta Kanada huɗu take cewa a sa. Amma na dubi aljihunsa, na ce a raina da babu gara ba daɗi. Na ce ya sa, ya dai riƙa tafiya a hankali.

Kwana goma motar ta zama wata daban. Ta daina kafewa a lungu, tana tashi a danja ba murza taya, fitilar gargaɗin santsi da ke ƙyaftawa a gaban direba ta yi shiru. Ya kira ni yana murna. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, murzawar da ta daina ita ce ke gaya masa halin da titi ke ciki. A da, da ya taka totur baya ya zame, sai ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Yanzu baya ya riƙe, sai ƙafarsa ta ɗauka titin lafiya yake, alhali tayoyin gaba, masu juya motar kuma masu ɗaukar mafi yawan aikin burki, suna nan da taurinsu.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallacin titin Waverley. Yana kan hanyar komawa makaranta, zai karya dama ya shiga wani ƙaramin titi daga babbar hanyar Pembina. Ya ce gudunsa bai kai kilomita 40 ba, kuma na yarda da shi. Ya taka burki, ya ji feda na kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tsorata ya ɗaga, ya sake takawa. Ya murɗa sitiyari dama, motar ta ci gaba da tafiya sak kamar ba a taɓa ta ba. Ya ƙara murɗawa har ƙarshe. Tayar gaba ta hagu ta daki gefen kankaren da ke raba titin, motar ta hau ta tsaya a cikin tulin dusa. Allah ya kiyaye, ba mai tafiya a ƙasa a wurin. Da janwe ya sauke ta a gareji, rim ya fashe, ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe, tayar ta kalli wani gefe daban. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin tayoyi huɗu sababbi.

Daren nan na zauna na bi lamarin daki-daki. Motar ba ta da laifi. Na'urar da ke hana tayoyi kullewa ta yi aikinta, kakkarwar da ya ji ke nan, kuma abin da ake so shi ne a danne burkin a riƙe, ba a ɗaga ba. Na'urar daidaita mota, wadda Kanada ta wajabta wa sababbin motoci tun Satumbar 2011 kuma tasa ta zo da ita tun kafin nan, ita ma tana nan. Amma duk waɗannan rabon riƙo suke yi tsakanin tayoyi, ba sa ƙirƙiro wanda babu. Riƙon kowace taya kamar kuɗin cefane ne: abin da aka kashe a burki ba a same shi a kwana. Shi kuwa ya nemi burki da kwana lokaci guda daga tayoyin da ba su da ko na ɗaya. Ƙara murɗa sitiyarin ma ƙara ɓata lamarin ya yi, domin tayar da ke zamewa sai an ɗan miƙe ta take sake kama ƙasa.

Na yi masa lissafin a takarda. Mota mai gudun kilomita 50, daga lokacin da burki ya kama, tana tsayawa a kusan mita 14 a busasshiyar kwalta. A dannanniyar dusa sai ta kusa mita 50. A gogaggiyar ƙanƙara tana iya kaiwa mita 100, tsawon filin ƙwallo. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake. Ko gaba ke jan mota, ko baya ke tura ta, ko duk huɗun ke aiki, wannan lissafi bai canzawa, domin kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa. Shi ya sa da wani abokinsa ya ba shi shawarar ya sayar ya sayi mai aiki da ƙafa huɗu, na ce ya dakata. Irin waɗannan ma ana ganinsu a kwalbati bayan kowace guguwar dusa, kuma dalilin ɗaya ne da nasa: saurin tashi ya ɓoye musu rashin tsayawa.

Da an juya lamarin, a ce mota mai jan gaba aka sa wa biyun a gaba kawai, da sakamakon ya fi muni: gaba ya kama, baya ya ƙwace, motar ta juya ta kalli inda ta fito. Ko ta wane gefe aka raba, taya biyu rabin magani ne mai ɓoye ciwo.

Da motar ta fito daga gareji muka zauna zaɓen taya da natsuwa. Matsalar kuɗi ta warware ta wata hanya da ya kamata in tuna tun farko. Hukumar inshorar motoci ta Manitoba tana da shirin rancen tayar hunturu tun 2014, a lokacin har dala 2,000 ga kowace mota, ana biya wata-wata, kuma a shagon tayar ake cike takardar. Rancen yana da ɗan ruwa a kai, wanda shi bai kwanta masa a rai ba, don haka ni na ba shi kuɗin ya riƙa biyana a hankali. Amma ya kamata duk baƙo ya san da shirin.

Abu na farko shi ne tsofaffin biyun da ya sayo. Na nuna masa lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 3614 na nufin mako na 36 na 2014. Nasa sun haura shekara takwas. Zurfin zanensu milimita 4 da ɗan ɗori, alhali sabuwa takan zo da 8 zuwa 10, kuma daga 4 zuwa ƙasa ba a ƙirga ta a tayar dusa ko da doka ta bar ta ta hau titi. Muka ajiye su gefe. Ba na cewa kada a sayi na hannu, ana samun masu kyau wurin wanda ya sayar da mota tayoyin suka yi masa saura. Amma a je da ma'auni, a karanta shekara, a ga huɗun iri ɗaya ne.

Sai nau'i, kuma a nan ne masu irin motarsa suka fi ruɗewa. Tayoyin da ke ɗauke da tambarin dutse ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda aka yi domin hunturun tsakiyar Turai, irin na Jamus, inda titi yawanci a jiƙe yake, sanyi na kewaya sifili, kuma ana gudu sosai. Robarsu ta fi tauri, alamar gudunsu H ko V, wato kilomita 210 ko 240. Su ake yawan miƙa wa mai BMW domin sun dace da sunan motar. Akwai na duk shekara masu tambarin dutse, waɗanda ba a cirewa da bazara. Sun wadatar a gari irin Vancouver, a Winnipeg kuwa ban yarda da su a motar da baya ke turawa ba. Sai na ƙasashen arewacin Turai, masu laushin roba, alamar gudunsu yawanci T ko ƙasa da haka, zanensu cike da ƙananan tsage-tsage kamar an bi shi da reza. Waɗannan tsage-tsagen su ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara, su kuma tsotse siririn ruwan da ke samanta, wanda shi ne asalin santsin. Finlan ce mahaifar wannan sana'a: kamfanin da yanzu ake kira Nokian ya yi tayar hunturu ta farko a 1934 domin manyan motoci, ya fito da Hakkapeliitta ta ƙananan motoci a 1936. Japan kuma ta ciyar da marasa ƙusa gaba, domin ƙurar kwaltar da ƙusoshi ke kankarowa ta addabi garuruwanta har aka yi dokar hana su a 1990, kuma Bridgestone ta riga ta fito da Blizzak a 1988. Da wannan, da X-Ice ta Michelin, da VikingContact ta Continental duk 'yan gida ɗaya ne. Na ce masa ya manta da alamar gudu, ba inda doka ta bar shi ya wuce 110 a lardin nan.

Mun daɗe a kan maganar ƙusa. Manitoba ta yarda da taya mai ƙusoshi daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. A gogaggiyar ƙanƙara, musamman idan sanyin na kusa da sifili, lokacin da ta fi santsi, ba abin da ya kai ƙusa. Idan sanyi ya tsananta ƙanƙarar takan yi tauri, ƙusa ba ta shiga sosai, tazarar da ke tsakaninsu da marasa ƙusa ta ragu. Suna da ƙara kamar ana soya gyaɗa a ƙarƙashin mota, kuma wasu gine-ginen ajiye mota ba sa barin a shiga da su. Da a ce a ƙauye yake zaune, yana bin titin tsakuwa ko babbar hanya da asuba kafin a watsa yashi, da ƙusa zan sa shi ya saya ba tare da dogon tunani ba. Zirga-zirgarsa kuwa tsakanin gida da makaranta da wurin aiki ne, kuma wurin aikin a ƙarƙashin gini ake ajiye mota. Muka tsaya a marasa ƙusa na arewa.

Girma ya zo da sauƙi. Motar ta zo masa da rim mai inci 17 da taya mai faɗin milimita 225. Muka sauka zuwa 205/55R16, wanda dama ɗaya ne daga girman da kamfanin ya tsara wa motar, muka tabbatar lambar ɗaukar nauyi ba ta gaza 91 ba. Siririyar taya ta fi yanka dusa, dogon gefenta ya fi jure ramukan da ke fitowa a titunan Winnipeg idan narkewa ta fara, ga kuma sauƙin kuɗi. Muka haɗa da rim na baƙin ƙarfe guda huɗu, domin kada a riƙa cire taya ana mayarwa a rim ɗaya sau biyu a shekara. Ya ɗan ɓata fuska da ya ga yadda suka rage wa motar kyau, amma bai ce komai ba. Wani abu da mai shagon ya tuna mana: irin wannan mota ba ta zuwa da safaya, domin tayoyinta na asali masu iya tafiya ne ko sun sace. Tunda sababbin ba haka suke ba, sai ya sayi ɗan famfon lantarki da ruwan toshe huda ya ajiye a but, kusa da shebur da bargo.

Ranar Lahadi da safe na kai shi wani fili na ajiye motoci da ba kowa, dusa ta rufe shi, ba turaku a tsakiya. Na ce ya kai 30 ya danne burki iya ƙarfinsa ya riƙe. Sau biyar ya yi kafin ƙafarsa ta daina gudun kakkarwar. Sai na sa shi ya shiga kwana ya ƙara wuta da gangan. Baya ya fita hagu, ya yi abin da kowa ke yi, ya saki totur gaba ɗaya ya kai ƙafa burki, motar ta juya ta tsaya tana kallon inda muka fito. Muka sake. Na ce ya sassauta totur a hankali, ya kai idonsa inda yake son zuwa, ya mayar da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, kuma da ya ji ta kama ya yi maza ya miƙe shi, in ba haka ba ta watsa shi ɗaya gefen. A karo na shida ko na bakwai na ga hannunsa ya riga tunaninsa. Ya ce ai haka Baba ke yi da Fijo a laka bayan Giwa. Na ce to, ilimin yana nan, ƙasar ce ta canza.

A filin ne kuma ya koyi sauran ƙananan abubuwan. Ya gama burki kafin ya fara kwana, kada ya ba da wuta sai sitiyari ya fara miƙewa. Ya mayar da giya hannu ya tashi a ta biyu idan danja ta yi sheƙi. Maɓallin DTC da ke gabansa, dannawa ɗaya yana barin tayoyi su ɗan murza, abin da ake bukata idan an kafe a dusa mai zurfi, amma dogon dannawa yana kashe na'urar daidaita mota gaba ɗaya, kuma wannan ba na titi ba ne. Kada ya kunna na'urar riƙe gudu a kan hanya mai dusa. Gada tana riga titi daskarewa domin iska na bi ta ƙarƙashinta. Kuma kowace safiya, a layinsu, idan ba kowa a bayansa, ya ɗan taɓa burki ya ji abin da titin ke faɗa a ranar.

Sauran hunturun ya kafe sau ɗaya, a Fabrairu, bayan motar share titi ta tara masa tudun dusa a bakin lungu har cikin motar ya hau kai tayoyin suka rasa nauyi. Wannan ba aikin taya ba ne, na shebur ne, kuma minti ashirin ya ishe shi. Baya ya ɗan yi masa wutsiya sau biyu ko uku a danja, ya ce kafin ya ankara ya riga ya gyara. Buhunan yashin ya bar ɗaya, ɗayan ya farke shi a Janairu ya zuba wa wata mata da ta kafe a gaban shago.

A tsakiyar Afrilu, da yanayi ya zauna sama da digiri 7 har da safe, muka cire su a ƙofar garejina, domin laushin da ke amfani a sanyi shi ke sa zafi ya cinye su da wuri. Na ba shi ma'auni ya auna da kansa: na baya sun fi na gaba cinyewa da kusan rabin milimita. Ya ɗauki alli ya rubuta wa kowace inda ta fito, domin baɗi na baya su koma gaba, kowace a gefenta saboda kibiyar da ke nuna inda take juyawa. Ya wanke gishirin da ke jikin rim ɗin, muka sa su a leda muka jera a ɗakin ƙasa, nesa da tukunyar ɗumama gida. Na tuna masa ya dawo bayan tafiyar kilomita 100 a sake ɗaure notunan. Yana goge hannu ya ce akwai wani yaro ɗan Katsina da zai zo a Agusta, ya riga ya fara turo masa hotunan motoci.